Karaban ko Mota Mai Ɗaki: Yadda Masu Yawon Hutu a Turai Ke Zaɓen Gidan Tafiya

Karaban ɗaki ne da aka gina a kan tayoyi. Ba shi da inji, ba shi da sitiyari, ba ya motsawa sai an maƙala shi a bayan mota an ja shi. Mota mai ɗaki kuwa mota ce sukutum, da injinta da kujerar direba, sai dai an mayar da bayanta wurin zama da kwana. Wanda ya leƙa cikin kowannensu kusan abu ɗaya zai tarar: gadaje, murhun gas, ƙaramin firij, famfo da wurin wanke kwanuka, na'urar ɗumama ɗaki, da ɗan makewayi mai wurin wanka. A Birtaniya da Jamus da Faransa da Holan, iyalai masu yawa da dattawa 'yan fansho a cikin irin waɗannan ɗakuna suke yin hutunsu, suna bin bakin teku da duwatsu da ƙauyuka ba tare da sun kama otal ba. Duk mai niyyar shiga sahunsu sai ya fara yanke shawarar wanne zai saya cikin biyun, kuma shawara ce mai cin kuɗi, wadda in an kuskure ta ake daɗewa ana jin jiki.

Ita kanta kalmar karaban daga Farisanci ta fito, kuma asalin ma'anarta ayari, irin na raƙuman da ke tashi daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri. Saboda haka tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe: a yini ana tafiya, a yada zango, a kwana, a tashi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne mayar da shi abin nishaɗi. A 1885 wani likitan sojan ruwa mai ritaya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗakin katako a Bristol, dawakai biyu suna ja, ya yi tafiya da shi daga kudancin Ingila har Inverness a arewacin Sukotlan. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu, Caravan Club. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin Eccles na Birmingham ya soma ƙera waɗanda mota ke ja, a Jamus kuma Arist Dethleffs ya gina nasa na farko a 1931 domin iyalinsa su riƙa bin sa tafiye-tafiyen kasuwanci. Mota mai ɗaki daga baya ta bunƙasa. Kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas-bas na Volkswagen wurin kwana a 1951, kamfanin Hymer kuma ya fito da tasa babbar a 1971. Ta yi farin jini har ta kai a 2017 waccan tsohuwar ƙungiya ta Birtaniya ta sauya suna zuwa Caravan and Motorhome Club.

Babban abin da ya raba karaban da mota mai ɗaki shi ne yadda mutum yake son tafiyarsa ta kasance. Mai karaban idan ya isa zango yana da aiki a gabansa. Zai kwance ɗakin daga jikin mota, ya daidaita shi don kada ya karkace, ya sauke ƙafafunsa huɗu na kusurwa, ya jona wayar lantarki, ya gangaro da durom ɗin ruwa mai cin lita 40 daga famfo, ya ajiye wani mazubin a ƙasa don ruwan wanke-wanke. Idan zai kafa rumfar tanti a gefe, wadda ke ƙara masa faɗin wurin zama sosai, wannan ma wani aikin ne na kusan sa'a guda. To amma da zarar ya gama, ya gama ke nan har ranar tashi. Motarsa ta koma mota kamar ta kowa. Da ita zai je kasuwa, da ita zai shiga lungunan tsohon gari, ya ajiye ta inda kowace ƙaramar mota ke tsayawa, da yamma ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi, kofuna a kan tebur, shanya a kan igiya.

Mai mota mai ɗaki shi kuma cikin 'yan mintoci yake sauka. Ya ja birkin hannu, ya juya kujerun gaba su fuskanci tebur, ya kunna gas, shi ke nan an fara dafa shayi. Ruwansa yana cikin tanki mai ɗaukar lita 100 ko kusa da haka, ruwan datti ma da tankinsa a ƙasa. Ko ana tsuga ruwan sama ba sai ya fito ba. Wahalarsa takan zo ne washegari. Idan burodi ya ƙare kuma shago yana da nisan kilomita biyar, sai an tattara komai, an kulle kowace durowa, an kashe gas, an naɗe wayar lantarki, sannan a tafi da gidan gaba ɗaya sayen burodi. A gari kuma ga matsalar wurin ajiye mota, domin yawancin wuraren suna da ƙarfe a ƙofa mai tsayin kusan mita biyu, ita kuwa motar takan kusanci mita uku. Wannan ne dalilin da ya sa ake yawan ganin kekuna ɗaure a bayan irin waɗannan motoci, wasu ma har ƙaramar mota suke ja.

Daga nan ƙa'idar ta fito fili. Wanda ɗabi'arsa ita ce ya zauna wuri guda mako ɗaya ko biyu yana zagaya kewayen, karaban ne ya dace da shi. Wanda ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, yau yana nan gobe yana can, mota mai ɗaki ce tasa. Mutane da yawa suna yin kuskure a nan ne saboda suna saye bisa tafiyar da suke mafarkin yi, su manta da irin wadda suka saba yi.

Wuraren kwana ma sun bi wannan rabo. Manyan zanguna na kuɗi, masu banɗakuna da wurin wanki da lantarki, suna karɓar kowa. A Birtaniya akwai kuma ƙananan wurare a gonaki da bayan gidajen ƙauye, waɗanda wata doka ta 1960 ta ba ƙungiyoyin damar amincewa da su, da sharaɗin kada ɗakunan baƙi su wuce biyar a lokaci guda. Da an tsallaka zuwa cikin nahiyar kuwa sai mota mai ɗaki ta samu fifiko babba. Faransa tana da dubban wuraren tsayawa da ƙananan hukumomi suka tanada musamman dominta, Jamus da Italiya ma haka. Wuri ne kawai a gefen gari ko bakin kogi, da famfon cika tanki da ramin zubar da datti, wani kyauta wani kuma kuɗi kaɗan, kuma galibinsu ba sa karɓar karaban. Akwai kuma tsarin France Passion, inda manoma ke barin matafiyi ya kwana ɗaya a gonarsu kyauta, muddin motarsa tana da ruwanta da makewayinta. Wannan ba ya nufin mutum yana da ikon kwana duk inda ya ga dama. Sukotlan ta shahara da dokarta ta 2003 da ta ba masu tafiya a ƙasa damar kafa tanti a daji, amma dokar ba ta haɗa da ababen hawa ba, kuma mutanen ƙauyukan arewa sun sha kokawa kan baƙin da ke tare musu hanya suna zubar da ƙazanta a inda bai kamata ba. Kokensu yana kan gaskiya, kuma irin wannan hali shi ke jawo a rufe wa kowa wuraren da a da ake maraba da shi.

Sai batun nauyi da lasisi, wanda shi ne ya fi kowanne muhimmanci kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lasisin ƙaramar mota na Turai, mai harafin B, ya tsaya ne a kan abin hawa da nauyinsa da kayansa bai wuce kilo 3,500 ba. Saboda haka masana'antu suke ƙoƙarin tsayar da yawancin motoci masu ɗaki a daidai wannan iyaka. Illar ita ce motar da kanta ta riga ta cinye mafi yawan nauyin, abin da ya rage wa mai ita sau da yawa bai wuce kilo 400 ko 500 ba. A cikinsa za a lissafa fasinjoji, tufafi, abinci, kekuna, kujerun waje, da duk abin da aka ƙara wa motar bayan ta bar masana'anta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Iyali mai mutum huɗu suna iya haura iyakar ba su sani ba, kuma motar da ta yi lodi fiye da kima ba ta tsayawa da wuri in an taka birki, ga tara idan 'yan sanda suka ɗora ta a kan sikeli, ga yiwuwar kamfanin inshora ya janye jikinsa in an yi haɗari. Motar da ta haura kilo 3,500 tana buƙatar lasisi mai lamba C1, wanda ya kai har kilo 7,500. A Birtaniya waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairu 1997 suna da shi tun asali, amma in sun cika shekara 70 sai likita ya duba su kafin a sabunta musu. Da yake dattawa ne suka fi sayen irin waɗannan motoci, wannan sharaɗi yana shafar mutane da yawa.

Lissafin karaban daban ne, domin abu biyu ake aunawa, da mai ja da abin ja. Ƙungiyoyin Birtaniya suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da babu kaya a cikinta. Wato mota mai kilo 1,600 kada ta ja abin da ya haura kilo 1,360. Shawara ce, doka ba ta tilasta ta ba, amma iyakar da masu ƙera motar suka rubuta ita kam ba a ƙetare ta. Daga 16 ga Disamba 2021 mai lasisin B a Ingila da Sukotlan da Wales yana iya jan abin da ya kai kilo 3,500 ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, in abin da ake ja ya wuce kilo 750, to jimillar mota da karaban kada ta haura kilo 3,500, sai in mutum ya yi ƙarin horo ya samu lambar B96, wadda ke kai shi 4,250, ko ya ci jarrabawar BE. Abin da duk wannan ke nunawa shi ne arhar karaban tana ga wanda ya riga ya mallaki mota mai ƙarfi. Wanda ke da 'yar ƙaramar mota ta shiga gari sai ya haɗa da kuɗin sauya ta. Masu motar lantarki kuma su san cewa jan karaban yakan rage nisan da batir ke kaiwa da kusan rabi, kuma a yawancin wuraren caji sai an kwance ɗakin kafin motar ta samu shiga.

Tuƙin ma yana tsorata mutane, musamman na karaban. Mota da ɗaki a haɗe suna iya kai tsawon mita 12. Ribas sai an koya, saboda in aka murza sitiyari dama ɗakin hagu yake nufa. Babban haɗarinsa shi ne lilo, lokacin da ɗakin ya fara kaɗawa hagu da dama a bayan mota, galibi a gangara, ko in iska ta buge shi daga gefe, ko babbar mota ta wuce da gudu. Maganinsa tun daga lodi yake farawa: kaya masu nauyi a ƙasa, a daidai kan tayoyi, kada a tara su a can baya, kuma nauyin da hancin ɗakin ke ɗora wa ƙugiyar mota ya zama kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinsa duka. In lilon ya fara, direba ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya danna birki da ƙarfi. Dokar Birtaniya ta tsayar da gudun mai ja a mil 60 a sa'a a manyan hanyoyi, wato kusan kilomita 96, da mil 50 a hanya mai hannu biyu a haɗe, ta hana shi shiga layin masu gudu a hanya mai layi uku, ta kuma wajabta masa ƙarin madubai in ɗakin ya fi motar faɗi. A Jamus iyakar kilomita 80 ce, sai wanda aka duba kayansa aka ba shi takardar izinin 100. Haramun ne kuma a doka wani ya zauna a cikin karaban ana tafiya.

Mota mai ɗaki ta fi sauƙin sabo, domin yawancinsu a kan ƙashin motocin dakon kaya ake gina su, musamman Fiat Ducato, kuma direba yana zaune a sama yana hango hanya da kyau. Abin da zai riƙa tunawa shi ne tsayinta da faɗinta, da yadda bayanta ke zagayowa in ya sha kwana. Akwai hanyoyin da ke gagarar duka biyun. Hanyar nan ta North Coast 500, wadda aka ƙaddamar a 2015, mai tsawon mil 516 daga Inverness ta zagayo ta dawo, tana da wurare da yawa masu faɗin mota ɗaya tak. A hawan Bealach na Bà, mai kai mita 626, akwai allo a gindin dutsen da ke gargaɗin manyan motoci da masu jan karaban kada su hau. A irin wannan ƙasa ƙaramar bas mai gado ta fi su duka amfani, ko kuma mai karaban da ya bar ɗakinsa a zango ya hau da motarsa kawai.

Wajen kuɗi, ratar tana da faɗi. Sabuwar mota mai ɗaki takan ninka sabon karaban mai irin girmanta sau biyu ko uku, tunda inji da giya ake saye tare da ɗakin. Bayan saye kuma mota ce ta biyu a gida, da harajinta da inshorarta da gwajin lafiyarta na shekara-shekara da juyen baƙin mai, ko da makonni shida kacal aka hau ta a shekara. A Birtaniya karaban ba shi da harajin hanya, ba a yi masa wannan gwaji, inshorarsa ma ganin dama ce, ko da yake a Jamus sai an yi masa rajista da lambarsa an kuma riƙa duba shi. A ɗaya ɓangaren, mota mai ɗaki ta fi riƙe darajarta in an tashi sayarwa. Jiragen fito irin na Dover zuwa Calais da tsawo suke caji, abin da ke cutar mai karaban. A hanyoyin kuɗi na Faransa duka biyun aji na biyu suke biya, amma motar da ta wuce mita uku a tsayi ko kilo 3,500 a nauyi takan faɗa aji na uku mai tsada. Tsohuwar mota mai ɗaki mai shan dizal tana da wata matsalar kuma, ta biranen da suka kafa dokar hayaƙi, kamar Landan da Paris da manyan garuruwan Jamus, inda ko dai a biya ko a hana ta shiga.

A cikin ɗaki, karaban ya fi ba da sarari, saboda babu wurin direba da ke cin mita ɗaya da wani abu na tsawonsa. Iyali masu yara ƙanana sukan fi jin daɗinsa. Mai sayen mota mai ɗaki kuwa ya ƙirga kujeru masu bel kafin ya ƙirga gadaje, domin akwai masu gado huɗu da kujerun tafiya biyu kacal, musamman tsofaffin ƙira. Sauran kayan aiki iri ɗaya ne: batir na daban mai ba da wuta in babu lantarki, makewayi mai akwatin da ake zarowa daga waje a juye a wurin da aka keɓe, da tukunyar gas. Masu fita lokacin sanyi gas ɗin furofen suke amfani da shi, saboda na butan yana daina fita in sanyi ya kusa daskarar da ruwa. Na'urar da ke ƙara in iskar guba ta gas ta taru a ɗaki ba abin yin tsimi a kai ba ce, domin iskar ba ta da wari kuma tana kashe mai barci.

Akwai kuma watannin da ba a tafiya, waɗanda su suka fi yawa a shekara. Wanda ba shi da fili a ƙofar gida sai ya biya wurin ajiya. Ɓarayi sun fi samun sauƙin karaban, shi ya sa ake garƙame tayarsa da hancinsa, kuma tun 1992 Birtaniya ke da rajistar CRiS, wadda ke zana lamba mai harafi 17 a tagogin kowane ɗaki don mai saye ya iya bincika ko na sata ne ko akwai bashi a kansa. Tayoyi sukan lalace da zama tun ba su suɗe ba, saboda haka ake ba da shawarar sauya su bayan shekara biyar. Amma babban abokin gabar duka biyun shi ne danshi. Ruwa yakan silale ta gefen taga ko mahaɗar rufi ya shiga cikin bango, ya yi ta cin katako shekara da shekaru ba a gani ba, har gyaran ya fi ƙarfin darajar ɗakin. Mai sayen na hannu ya nemi takardun duba ɗaki na kowace shekara, ya sa a auna bangon da na'urar gwada danshi, ya shinshina cikin durowoyi, ya taka daɓen ya ji ko yana lotsawa. Ɗakin da ke warin ruma a bar wa mai shi, komai arharsa.

Kafin a kai ga saye akwai hanyoyin gwaji masu sauƙi. Kowace shekara a ƙarshen Agusta ana buɗe babbar kasuwar baje kolin Caravan Salon a Düsseldorf, a watan Oktoba kuma akwai ta Birmingham, inda mutum zai shiga ɗakuna iri-iri ya kwanta a gadon ya ga ko ƙafarsa na miƙewa. Ƙungiyoyin Birtaniya suna koyar da ja da ribas a kwasa-kwasan kwana ɗaya ko biyu. Hayar mota mai ɗaki kuma tana samuwa a kusan kowane babban birnin Turai. Wanda ya yi hayarta mako guda ya ga ya kwana shida a zango ɗaya yana neman motar shiga gari, to karaban ya kamata ya saya. Kowanne aka ɗauka daga ƙarshe, kafin tafiyar farko a cika shi da kaya da ruwa da mutane yadda za a fita da shi, a kai shi sikelin auna manyan motoci, a kwatanta abin da ya nuna da lambar da ke rubuce a jikinsa.